Na'ura Tsakanin Surukai

A asibitin Filinge, wata dattijuwa tana zaune gaban na'urar da ke ɗaukar hoton jijiyoyin jini na cikin ido, take kuma gano cuta da kanta. Ta sha kwalli, ƙafafunta duk ƙurar hanyar Tabla. Haɓarta na kan na'urar, amma idanunta na ƙasa.

"Inna, ɗaga ido kaɗan," in ji lokotoron, shi ma yana kallon takalminsa.

Ko motsi ba ta yi ba. Ni da ke gefe ina jiran layi, ganin yadda suke kauce wa juna, na ce a raina wannan mijin ɗiyarta ne. Ga gani yana dushewa, ga kunya ta hana a duba!

Can sai ya juya ya fuskanci bango. "Ba ni ka dubawa ba, Inna, ita na'urar ka dubawa."

Nan take ta ware idanu kamar mai neman jinjirin wata. Haske ya walƙata, jijiyoyi suka fito a allo kamar rassan gawo, na'urar ta nuna alamar ciwon sukari.

Ta gyara lulluɓi, ta matsa kusa da na'urar, ta rage murya.

"Ke da kinka gani, ki hwaɗa mishi ya ba ni magani."