Akwatin Gem a Rumfar Iya

A farkon shekarun Shari'a malaman garinmu, can wajen Dutsi, suka matsa sai an rufe gidan gem, wai yara sun daina zuwa Islamiyya. Wurin na Kawu Sale ne, autan kakata Iya. Ya sayar da komai sai akwati ɗaya, dogo kamar kabad, mai gilashin talabijin da 'yar sandar tuƙi da jajayen maɓallai. Shi ma don ya mutu ne aka ƙi saye. Kawu ya jingine shi a rumfar Iya, ya ce ranar da akwatin ya tashi zai tsallaka da shi Nijar ta Mai'adua, ya kafa sana'arsa a can.

Sana'ar Iya ɗinkin ƙwarya. Bayan isha'i mu jikoki mukan zagaye murhu, tana ɗinki tana ba mu tatsuniya, Kawu kuma a gefe ya cusa ƙarfen dalma na liƙa waya cikin garwashinta, rabin jikinsa a cikin akwati. "Ga ta nan, ku matso kafin ta huce," haka take buɗewa.

A lokacin ne ta liƙe wa tatsuniya ɗaya, ta wata tsohuwa mai ƙwaryar da ke rera waƙa, har wata rana ta tsage ta yi shiru. Yau sai Iya ta ce tsohuwa ta ɗinke ta, ƙwarya ta rera waƙa mai daɗi har kogi ya ji ya zo ya tafi da ita. Gobe kuma ta ce tsohuwa ta ƙi ɗinkewa don tsoron kogi, ƙwarya ta zauna a ɗaka gara ta cinye ta. Kaina ya ɗaure. Na tambaye ta wanne ne na gaskiya, ta ce, "Kai dai mijin nan nawa, ba cefane sai tambaya."

Ita kanta ta fi tatsuniyar rikita ni. Da rana ta zagi akwatin, ta ce kayan shashanci ne. Da yamma ita ce mai fifita wa Kawu garwashi. Da ɓera ya ci masa waya, ita ta aro kyanwa a maƙwabta.

Ranar da Kawu ya tayar da ɗan janareto gilashin ya kawo haske, muka yi ta tsalle. Iya ta ce Allah ya sa albarka, ta tashi ta shige ɗaki. Da za a ɗora akwatin a mota, bargonta ta ba da aka naɗe gilashin. Bayan isha'i na ce ta ƙarasa mana tatsuniyar ƙwaryar, ta ce, "Ta ɗinku. Da kyau kuwa ta ɗinku." Kawu ya zauna a can Nijar, sai da sallah muke ganinsa.

Yanzu ni ma gyaran irin waɗannan tsofaffin akwatuna nake yi, kuma na daɗe ina jin haushin Iya da ta bar ni ba darasi. Sai da na haifi nawa na fara zargin ita ma ba ta san wanda take so ba, ɗanta a gabanta da karyayyar zuciya ko a nesa yana tsaye da ƙafarsa. Mun yi ta jira ta ba mu amsa, ashe mu take tambaya.