Jan Zaren Rawanin Kafilina

Ranar da mahaifina ya gurje kifin robar kafilina da yashi, ba zan taɓa mantawa da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina aiki a wani shagon kayan gini a unguwar Zahir, can ƙasa mai tsarki. Baba masunci ne a Yauri, da kuɗin su ya raine mu, amma ni na gaya wa mutanen shago wai ɗan kasuwa ne. Kunya nake ji, Allah Ya yafe mini. Da ya zo Umara, sai kafilina, Balaraben da nake wa aiki, ya ce mu raka shi bakin teku a Shu'aiba ran Asabar. A mota na raɗa wa Baba, "Don Allah kada ka yi zancen kamun kifi." Ya dube ni kawai.

Kafili ya buɗe akwati cike da kifayen roba masu ƙugiya, ja da kore da ruwan zinariya, sai sheƙi suke. Tun hantsi yake jefawa yana sauyawa, ko taɓi babu. Baba kuwa ya kasa zama. Ya naɗe wando ya shiga ruwa, ya kamfato 'yan ƙananan kifaye da hularsa, ya ƙura musu ido.

"Gaya masa abincin manyan ke nan," in ji shi. "Ka ga ai ba sa walƙiya. To me zai sa babba ya bi madubi?"

Ban fassara ba. Shi kuma bai jira ni ba, ya ɗauki wata farar roba ya hau gurza ta da yashi har ta dushe. Sannan ya nuna jan rawanin kafili, ya zare zare guda a gefensa, ya ɗaura a wuyan robar. "Kifi mai rauni ake fara ci," ya ce.

Ya miƙa wa kafili, a jifa na uku sandar ta lanƙwashe. Kafili yana ja yana ihu, "Ya ammi! Ya ammi!" wato ya kawuna. Kifi ya fito, tsawon hannuna, haƙora zaƙo-zaƙo. Kafin la'asar an fid da huɗu.

Kafili ya juyo gare ni yana haki. "Wane irin ɗan kasuwa ne wannan?"

Baba ba ya jin Larabci, amma ya gane tambayar. Ya sunkuyar da kai yana wanke hularsa, yana rufa mini asiri.

"Ƙarya na yi," na ce. "Masunci ne, ɗan masunci. Ni ma ɗan masunci ne." Na faɗa da Larabci, na sake faɗa da Hausa don ya ji.

Baba bai ɗago ba, sai cewa ya yi, "To, ɗan masunci, zo ka riƙe kifin nan."

Baba ya rasu bayan shekara biyu, robar kuwa kafili ya ba ni, tana nan da jan zarenta. Tun ranar na gane cewa wanda ya ɓoye sana'ar ubansa kansa ya rage wa daraja. Yau duk wanda ya tambaye ni ɗan wane ne, da sana'ar kamun kifi nake farawa.