Jitar da ta fi ƙarfin hammata

Shekarun baya, a shekarar da muka samu mulkin kai, na dawo gida Bagudo bayan na gama kwalejin horon malamai, ina jiran a tura ni aiki. A kwalejin an ɗan koya mana aikin katako. Da gangan na ce "ɗan", domin iyakar abin da na taɓa haɗawa benci ne, shi ma ba zan rantse cewa ya daɗe a duniya ba.

Ina da aboki tela, wanda in ya tashi daga kan keke sai ya ɗauki molo. Maƙwabtanmu na Dahome, wato Benin ta yanzu, sun riga mu samun 'yanci da 'yan makonni, shi kuma ya tsallaka ya sha biki. A can wani direba ya kaɗa jita, ya kuma tsokane shi cewa mu dai ranar namu bikin sai molo. Abokina ya dawo da zafinsa. A tsakiyar kasuwar Illo ya ɗaga murya ya ce in bai kaɗa jita ƙirar garinmu ba ranar bikin, direban ya zo ya tuɓe masa hula a bainar jama'a. Sai da ya gama cika bakin sannan ya nemo ni.

"Kai ka yi boko, kai za ka ƙera ta," in ji shi.

Na ce, "To, ban ce ba za ta yiwu ba, amma kuma ban ce za ta yiwu ba."

"Madalla, ka yarda ke nan."

Abin da na riƙe daga kwaleji shi ne ba a afka wa katako mai kyau da zarto kai tsaye. Sai an fitar da samfuri tukuna: a zana siffar abin a takarda, a mayar da ita kan siririn falanki a yanke, sannan a ɗora falankin a kan katakon gaske a bi gefensa. Katakon gaske kuwa ɗaya tak muke da shi, wani faffaɗan madaci da kawun abokina ya ba mu. Akwai kuma maganar malaminmu da ta zauna mini a kai: abin da ya yi yawa ana rage shi, wanda ya gaza sai haƙuri.

Ranar kasuwa muka sami direban a Illo. Ya yarda mu kwantar da jitarsa a kan takardar buhun siminti mu zana, amma ya tsaya a kaina yana cewa in na ƙarce ta ba zan kwana a ƙasar nan ba. Sai na nesanta fensir daga jikinta, na zagaye ta daga nesa kamar mai gaida sarki.

Da muka zo gida abokina ya sa almakashi ya yanke takardar. Tela kuwa ba ya yanka a kan layi, sai ya bar wurin ɗinki. Na gani, na ce a raina hakan ma ya fi. Da zan mayar kan falanki na ɗan ƙara, ko da zarto zai zame. Da zan mayar kan madacin ma na sake ƙarawa, tunda shi ba shi da na biyu. Wuyan jitar ne kaɗai ya fito daidai, domin shi da igiya muka auno shi, ban samu inda zan ƙara ba.

Muna cikin fafe cikinta a tsakar gida mahaifiyata ta zo wucewa. Ta tsaya ta dafa ƙugu.

"Malam, wanga abu jirgi na, ko akushin gayya?"

"Jita ce, Inna."

"To, in kun ƙare ku ba masunta aro."

Ba wai ban lura ba ne. Kullum ina cewa a ƙarshe zan rage. Da ƙarshen ya zo na ɗauki magagari, sai na tsaya ina tunanin to in na rage ya wuce fa? Na ajiye. Muka rufe ta, muka ɗaura mata wayar birkin keke.

Ana gobe biki abokina ya zo gwaji. Ya ɗora ta a cinya, ya miƙa hannu ta sama, yatsunsa suka tsaya a hanya, ko kusa da wayoyin ba su je ba. Ya leƙo ni ta bayanta.

"Aboki, mi na yi ma?"

"Ai kai ma ka bar rara."

"Ni rarar ɗinki na bari. Kai ko ɗaki da zaure ka bar mata!"

Ranar biki filin ya cika, har da baƙi daga tsallake. Direban na gaba-gaba yana murza yatsu. Mu biyu muka ɗauko jitar tamu. Da ya ga ba dama, abokina ya tsayar da ita a ƙasa, ya koma bayanta ya rungume ta. Ba abin da ake gani sai hannuwansa biyu da hular da ake rikici a kanta. Filin ya fashe da dariya. Ni kuwa na fara duba hanyar da ta fi kusa da gida.

Sai ya taɓa waya. Ƙarar da ta fito, ina jin har a haƙarƙarina na ji ta. Awakin da ke gefen fili suka watse. Ya sake taɓawa, ya kama irin kiɗan molonsa, kafin ka ce me mata sun shiga fili. Direban ya ɗauko tasa ya bi, amma lokacin ba lasifika, ko na kusa da shi ba ya jin ta. Ya ajiye ya fara gardama, wai wannan ba jita ba ce. Aka kai magana gaban wani dattijo. Ya zagaye ta a hankali, ya shafa ƙugunta, ya duba wuyan.

"Ga ƙugu, ga wuya, ga waya," in ji shi. "Jita ce. Kiwo dai ta samu."

Hula ta zauna a kan mai ita.

Ina so in ce abin ya koya mini cewa taka-tsantsan ma in ya taru yakan zama ɓarna, kuma wataƙila haka ne. Sai dai ban tabbata na ɗauki darasin ba. Bayan biki direban nan ya zo har gida, ya gaida mahaifiyata da ladabi, ya roƙi a zana masa samfurin ya kai garinsu. Na shimfiɗa takarda, na ɗora falankin, na ɗauki fensir. Sai na tuna hanya da nisa, kuma gefen takarda yakan yage.

Na ɗan ƙara masa kaɗan.