Ragib, Wanda Ya Bar wa Zumra Tagarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba, ladanin masallacin kasuwa ya hau hasumiya ya yi salatin da ake yi idan an yi rashi, ya sanar da gari cewa Allah ya karɓi ran Ragib Kurtagić, jami'in ba da izinin gini na ƙaramar hukumarmu. Ya rasu yana da shekara sittin da ɗaya, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun watan Yuli. Ya bar matarsa Mevlida, da 'ya'ya mata biyu, da jika ɗaya.

Wanda ya san ni zai yi mamakin ganin sunana a ƙarƙashin yabon ma'aikacin hukuma. Na yi karatun shari'a a birnin Sarayebo a zamanin da ake cewa takarda tana buɗe ƙofa. Ƙasar da na haddace dokokinta ta watse, masana'antar kujerun da na yi wa aiki kuma aka miƙa ta ga wanda ya sayar da injinanta a kan sikeli. Tun daga nan nake kallon shugabannin ƙaramar hukuma suna zuwa suna wucewa, kowa da murmushinsa a jikin allon talla, kowa da surukinsa mai kamfanin kwalta. Ban yabi ko ɗaya ba, ba kuwa da tsufa zan fara ba. Kai kaɗai na ware, Ragib, kuma ba don kana da sauƙin sha'ani ba.

Ka cika jan ƙafa a aiki. Takardar da za ta fita a mako guda sai ta yi rabin shekara a teburinka. Kana son gahawa mai sukari fiye da yadda likita ya yarda, kuma ban taɓa ganin ka miƙa wa wani sigari ba. Amma tsofaffin da ba su iya karatu ba sun san idan suka zo, kai za ka ja musu kujera, ka zana musu ɗakin awakinsu da hannunka, ka raka su har matakala. Mai gidan burodin bakin kasuwa har gobe yana ba da labarin yadda ka hau rufinsa da ƙaton cikinka don ka ga inda hayaƙinsa yake nufa, kafin ka ce masa ya ƙara wa bututun tsawo maimakon a rufe masa sana'a.

Abin da aka fi saninka da shi shi ne sandunan nan. Garinmu a jikin tudu yake, gida bisa gida, kuma tun kakanni muna da abin da muke kira haƙƙin hange: ba ka tayar da ginin da zai tare wa na bayanka kogi. Babu shi a kowane kundin doka, ni shaida ne, don na karanta su. Kai kuwa ba ka sa hannu a izini sai an kafa dogayen sanduna a kusurwoyin fili, an ɗaura jan ƙyalle a daidai inda kowane hawa zai ƙare. Sa'an nan ka hau gidan da ke baya, a ba ka gahawa, ka zauna a taga ka duba. Abokan aikinka idan suka ga ka fita sai su ce Ragib ya tafi kamun kifi. Ni kaina da sandunan nan ka hana ni rufe barandata, wai zan tare wa Hasiba maƙwabciyarmu rana a kan igiyar shanyarta. Shekara biyu ban gaishe ka ba, kuma har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya.

Shekara uku ke nan da ɓarin jikin matata Zumra ya shanye. Muka jawo gadonta jikin taga. Daga nan tana ganin kogi, da tsohuwar gada, da duk wanda ya hau ta. Ta tafiyar mutum take gane wadda ta yi faɗa da mijinta da wanda ya karɓo fansho. Da yamma ita ke ba ni labarin gari, ni da nake da ƙafafu. Abin da ya rage mata na duniya ke nan, faɗin taga ɗaya.

Sai ga Sabahudin, ɗan marigayi mahaucin da ke ƙasa da mu, ya dawo daga Ostiriya da kuɗinsa, zai rushe gidan ubansa ya gina masaukin baƙi mai hawa huɗu. Doka tana bayansa, domin kansiloli sun riga sun sauya tsarin layin, sun halatta hawa huɗu. Ita ma hukuma tana ɗokin kuɗin izinin, don rufin makarantar firamare yana yoyo, shugaba kuma ya yi alkawarin gyara shi kafin sanyi. Na je na karanta tsarin da aka manna a allon sanarwa, na ga ba mu da ta cewa. Na dawo na ce wa Zumra za mu juya gadon ya fuskanci talabijin. Ranar ba ta ci abinci ba.

Kai ka zo da kanka, ban kira ka ba. Aka kafa sandunan, ka hawo kana haki, ka zauna a kujera kusa da ita, ka daɗe kana kallo. Ka ce idan aka rage hawa ɗaya, gada tana nan.

Zumra ta ce, "Ragib, ɗan Fata, kai a zaune kake. Ni rabona da zama tun kafin a aurar da 'yarka."

Ka dube ta, ka dubi kujerar. Sai ka tuɓe kwat ɗinka ka miƙo mini kamar ni ne yaron gidan, ka kwanta a doguwar shimfiɗar zama da ke jikin gadon, ka ce in ƙaro maka matashi har kanka ya yi daidai da nata. Daga nan ƙyallen hawa na uku a bisa gadar yake. Ka ce, "Hawa biyu, Yaya Zumra. Ki gafarce ni, shekara ashirin ina aikin nan a zaune."

Washegari ka dawo da Sabahudin. Ya shigo da ƙamshin turarensa da makullin mota a hannu, ya gaishe mu da ladabi, sa'an nan ya juya gare ka.

"Kawu Ragib, doka ta ba ni hawa huɗu. A Ostiriya wannan takardar da tuni ta fito."

Ka ce, "A Ostiriya ba su san ka kana satar tuffa ba wando ba. Cire takalmi ka kwanta."

"In kwanta?"

Zumra ta ce, "Ƙyale shi, Ragib, kada rigar Turai ta yamutse."

Ya kwanta, fuskarsa ta yi ja. Zumra ta shiga nuna masa masu wucewa: ga Hasiba za ta kai wa ɗanta abinci, ga liman ya makara yana sauri, ga wurin da ubansa yake tsayawa kullum ya huta idan ya ɗauko nama a kafaɗa. Sabahudin ya yi ta kallo har gahawarsa ta huce. Da ya tashi ya ce, "Na gani, Inna. Amma ɗakunan da na zana, Kawu, ina zan sa su? A aljihu?"

Ashe ka riga ka yi tunanin wannan. A gefen filinsa akwai wani kangon hukuma inda a da ake ajiye motar share ƙanƙara, babu abin da ke ciki sai ciyawa da kuliyoyi. Ka ce a ba shi hayarsa, ginin ya kwanta a tsawo maimakon ya miƙe sama. Da yake da faɗin ɗakuna ake yanke kuɗin izini, ba da tsayin gini ba, makaranta ba za ta rasa rufinta ba. Sai dai filin hukuma ne, dole kansiloli su kaɗa ƙuri'a.

Na je zaman, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Maganar ta zo ne tsakanin batun karnukan da ke yawo a tasha da batun fitilun titi. Shugaba ya gyara tabarau ya ce, "Ragib, a wane sashe na doka aka rubuta taga?" Ka ce, "Ba a rubuta ba, Shugaba. Gaisuwa ma ba a rubuta ta ba." Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, abin ya wuce da ƙyar. Kada wani ya ɗauka don Zumra suka yi. 'Yan adawa sun goyi baya ne don sun zaci shugaba ba ya so, mutanen shugaba kuma don sun hango kuɗin haya. Kai ka san haka sarai, kuma bai dame ka ba. A bakin ƙofa ka ce mini, "Lauya, ba zuciyarsu nake nema ba, hannunsu nake nema."

A watan Yuli ciwo ya kwantar da kai. Gini kuwa ya ci gaba. Kafin ƙarshen Satumba an kai hawa biyu, an zuba kankaren sama, amma aka bar rodi a tsaitsaye a kowane ginshiƙi, sun fi mutum tsawo. Babu yaron da bai san ma'anar wannan ba a ƙasar nan. Ana barin su ne don hawan da zai zo daga baya, ranar da aka canja jami'i, a gina, a biya tara, a karɓi takarda. Na ce wa Zumra mutuwarka suke jira. Ta ce, "Tsoho, bakinka ba ya gajiya?"

Na je duba ka a gida. Ka rame har zoben aurenka yana yawo a yatsa. Ba ka tambaye ni lafiyata ba, ka ce, "Ana ganin gada?" Na ce ana gani, ta tsakanin ƙarafa. Na faɗa maka abin da nake zato. Ka rufe ido ka ce, "Lauya, kai ba ka taɓa ba mutum lokaci ba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Laraba bayan azahar aka yi maka salla. Da liman ya tambayi jama'a ko sun yafe maka, amsar ta cika harabar masallaci, har da muryoyin waɗanda ka hana su hawa na uku. Aka jeru sahu biyu, makararka tana tafiya daga hannu zuwa hannu har aka haye gada. Na lura da Sabahudin, da ta zo hannunsa bai sake ta ba, ya bi ta har bakin kabari. Da na koma gida Zumra ta ce ta ga koren mayafin makarar yana ratsa tsakanin rodin, ta yi maka Fatiha tun daga wannan bakin gada har wancan.

Da safiyar Juma'a ƙarar inji ta tashe mu daga shan gahawa. Na ce shi ke nan, ko bakwai ba su bari an yi ba. Na ɗauki sandata na fita baranda da zagi a bakina. Sabahudin ne a saman ginin shi kaɗai, da tsohuwar rigar aiki, yana yanke rodin ɗaya bayan ɗaya daidai da kankare, tartsatsi yana tashi. Da ya hango ni ya kashe injin ya ɗaga murya.

"Kawu Fehim! Tambayi Inna, akwai saura?"

Na leƙa ɗaki na tambaye ta. Ta ce, "Ce masa na hagun can, wanda yake tsaye a kan hular liman, ga shi can a kan gada."

Ya yanke shi. A makon nan masu rufi suka fara ɗora katako, suna sauri kafin ƙanƙara ta sauko. Ban canja ra'ayina a kan hukuma ba, kuma ban san wanda za su zaunar a kujerarka ba. Abin da na sani, jiya da yamma Zumra ta ba ni labarin duk wanda ya haye gada, ta ci abincinta, ta nemi ƙari.

Ya Allah, ga bawanka Ragib ɗan Fata ya zo gare ka. Ka gafarta masa jinkirinsa da kurakuransa, ka karɓi abin da ya yi na alheri, wanda muka gani da wanda ba mu gani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanya Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Zumra wadda ba ta iya zuwa da ƙafarta ba, ga Mevlida, da 'ya'yansa Senada da Vildana, da jikansa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Fehim Alagić