Ranar da Na Sauke Jere

Gwaggona ce ta yi mini jere da hannunta lokacin da aka kawo ni Gummi daga Anka. Kwalla bisa kwalla, langa bisa langa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, har na ƙarshe ya kusa taɓa rufi. Da ta gama ta ja baya ta riƙe ƙugu, ta ce in akwai ɗakin da ya fi wannan a garin a zo a nuna mata. Ni ma na so shi. Nakan hau kujera in goge su ɗaya bayan ɗaya, ina kallon fuskata a murafe ta yi faɗi kamar faifai.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba, ɗakin na wadda ta yi sakandare ne, ta kuma riƙe darasi guda fiye da kima. Malaminmu na labarin ƙasa mutumin Gana ne. Ya taɓa ba mu labarin yadda ƙasa ta girgiza a babban birninsu zamanin iyayensa, gidaje suka zube kan masu su. Ya haɗa tafukan hannunsa yana goga su, ya ce haka duwatsun ƙarƙashin ƙasa ke yi, in sun sarƙe sai su fizge. Wata daga bayan aji ta tambaya ko za a yi a nan. Ya ce ƙasarmu zaune take kan tsohon dutse wanda ya gama ƙuruciyarsa, da wuya ta motsa. Duk ajin "ba za a yi ba" suka ji. Ni kaɗai na ji "da wuya", na ƙulle shi a bakin zane na taho da shi gidan aure. Lissafin da aka koya mana kuwa ko ɗaya bai biyo ni ba.

Wata bazara, ina goyon fari, maigidan ya tafi Bukkuyum wajen aikinsa na malamin gona, zai yi kwanaki. Daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, sai yaron. Bayan azahar na kwantar da shi a tabarma gindin jere, don nan ne wuri mafi sanyi a ɗakin, na zauna bakin ƙofa ina tsintar shinkafa. Sai na ga ruwan da ke kwanon gabana yana rawa. Kwanukan suka ɗauki kaɗawa a hankali, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Wani murfi ya sulluɓo daga can sama, ya bugi ƙasa dab da kan yaron, ya yi ta juyi kafin ya kwanta. Kafin in kai ƙarshen salati komai ya tsaya. Yaron ko motsi bai yi ba.

Na ɗauke shi na fita tsakar gida.

"Inna, kun ji wani abu yanzu?"

"Na ji jakin maƙwabta," in ji ta, tana kaɗi ba ta ɗago ba.

Da yamma na tambayi Bafillatanar da ke kawo mana nono. Ta ce ita ba ta ji ba, amma in ƙasa ta motsa ai an sani, bijimin san nan da ke ɗauke da duniya ne ya gaji ya sauya ƙaho. Ta ƙara da cewa in dai sa ne, ƙuda ma ya isa ya sa shi. Wannan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Daga baya wasu sun ce masu aikin titi ne ke fasa dutse, wasu suka ce gaɓar gulbi ce ta zabtare. Har yau ban san gaskiya ba, Allah ne masani.

Washegari da hantsi na sauke jere. Duka. Na naɗe kwanukan cikin tsofaffin zannuwa don kada su goge fenti, na ɗaure su ƙulli-ƙulli, na tura wasu ƙarƙashin gado, saura na tara a lungu. Na dubi bango fayau na ji daɗi, ina ganin na yi aikin hankali irin na masu ilimi. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa a wajenmu mace ba ta sauke jere ta ɗaure kaya sai in aure ya mutu ko yana gargara.

Inna ta leƙo ɗaukar jikanta. Ta dubi bango, ta dubi ƙullin kaya, ta ɗauki yaron ta fita. Ranar ta hana ni daka. Da aka sauke miya ta aiko mini da tsoka mafi girma. Na ci na suɗe hannu, ina cewa a raina Allah Ya ba ni suruka. Ashe tuni ta ba direban motar kasuwa saƙo zuwa Anka.

Bayan kwana biyu, maigidan da Gwaggo kusan tare suka iso. Shi ko takalmi bai cire ba Inna ta tare shi a zaure. Ina jiyo muryarsa yana rantsuwa, ban san a kan me ba, sai da aka kira ni ɗakina na tarar an yi zama. Gwaggo a bakin gado, Inna a tabarma, shi kuma tsugune bakin ƙofa kamar wanda aka kama a gonar rake.

"To, ɗiyag ga, ga mu," in ji Gwaggo. "Mi yay yi maki?"

"Wa?"

"Ji ta. Wa kike aure, ni?"

"Bai yi mini komai ba, Gwaggo."

"Hwaɗi gaskiya, kak ki ji kunyata," in ji Inna. "Wanga na san halinai, tun yana ƙarami in ya yi ɓanna haka yaka sunkuyad da kai."

"Inna, ni da ba ni gari," in ji shi.

"Rashin zama gari ma laihi na. Yi muna shiru."

Sai a lokacin na gane abin da na jawo. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce da ƙaramar murya ƙasa ce ta girgiza.

Gwaggo ta buga ƙafa a daɓe sau biyu, kamar mai gwada kankana.

"Wagga ƙasa?"

Na fara bayanin duwatsu, har da haɗa tafin hannu ina gogawa. Ina cikin yi na hango maigidan ya kawar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Mun ji, ta girgiza," in ji Gwaggo. "To don kwano kada shi hwashe kika tada ni daga Anka cikin ranag ga? Kwanon ƙarhe? Ni da nis saye su ban ji tsoro ba sai ke?"

Amsar tana kan harshena, amma ba ta faɗuwa. Yaron nan ɗan farina ne. Ko sunansa ba na kira, in ya yi kuka gaban mutane sai in yi kamar ban ji ba har wani ya miƙo mini shi. Ta yaya zan buɗe baki gaban surukata da gwaggona in ce tsoro nake ji wa ɗana? Gara a ce boko ya taɓa mini kai. Na zaɓi hauka.

Yaron ne ya rarrafo ya kwanta inda ya saba, gindin bangon da babu komai yanzu. Idona ya bi shi ba da sanina ba, daga shi ya hau sama inda murfin ya faɗo. Na yi maza na sauke, amma Inna ta riga ta gani. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta juya ta dubi nata ɗan farin da ke tsugune a ƙofa, wanda tunda na zo gidan ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba.

"Tashi ka ba mu wuri," ta ce masa. "Ba ka da laihi yau."

Da ya fita ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya.

"Ni dama ina da ƙara," ta ce wa Gwaggo. "Wanga mijin nawa ya yi man yaji, kullum yana ɗakin wata. Daga yau barcin rana ɗakina za shi yi. Ni ba ni da kwano ko guda bisa kai, sai ƙwarya."

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Uhm." Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗaura ɗamara ta sa na kwance ƙullin nan duka, muka mai da jere kafin la'asar, tana yi tana mita wai na karce mata langa biyu. Na lura dai wannan karon bai kai tsawon na da ba. Ƙananan na sama ta ce sun tsufa, a bar su ƙasa.

Kashegari da rana na kai yaron ɗakin Inna da kaina, na shimfiɗa masa zane. Ɗakin ƙasa ne tun na kakanni. Ina ɗagowa na ga wata tsaga a bango, daga azara har kusan ƙasa, wadda yatsana zai shiga. Na buɗe baki.

"Mi kuma?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna."

Na yi masa addu'a a zuci na tofa, na fito. Amma shinkafar ranar, da ta sauran ranakun bazarar, a bakin ƙofar Inna na tsince ta, wai nan ya fi inuwa.