Kawu Fes da Ƙwan Agwagwa

Kawu Fes ake ce masa a gonar, shi kuma a zatonsa yabo ne. Yayan matar mai gona ne, iyakar takardar shaidarsa ke nan. Ya yi shekaru yana goge daɓen wani asibiti, saboda haka ko ciwon kai ka ambata sai ya gyara tsayuwa ya ce, “Mu da muka yi aikin asibiti...” Ko kaza bai taɓa kiwo ba.

Ni kuwa daga gama jami'a aka ɗauke ni gwaji a ɗakin ƙyanƙyasa. Mai gona ya faɗa mini ƙarara: in ƙwan agwagwar nan ya ƙyanƙyashe da kyau, aiki ya zama nawa, in ba haka ba, in kama gabana.

Ƙwan agwagwa da laka da kashi yake zuwa. Busasshen dattin ake kankarewa a hankali, a ware masu muni. Wata safiya na tarar da Kawu tsugune gaban baho, kumfa har gwiwar hannu, yana dirzar ƙwai da soso cikin ruwan sanyi.

“Kawu, don Allah tsaya! Akwai wani maiƙo a jikin ɓawon, shi ke tare cuta. Ka wanke shi, ruwan sanyin kuma ciki zai ja dattin.”

Ko ɗagowa bai yi ba. “Sannu, Dokta. Wato a jami'ar taku ƙazanta aka koya muku? Kashi ne maganin?”

“Uwar ma ai a haka take kwanciya a kansu.”

“To je ka kwanta musu, tunda kai ne uwar.”

Masu kwasar ƙwai suka kwashe da dariya. Na kai ƙara wurin mai gona, ya ce, “Haba, babba ne, ka bi shi a hankali.” Tiren ƙwai ɗaya kawai na iya ɓoyewa ban bari ya taɓa ba, na sa shi a can ƙasa cikin injin ƙyanƙyasar.

Da aka yi nisa na haska ƙwan da tocila. Na Kawu, farare tas, yawancinsu baƙin ruwa ne ke kaɗawa a ciki. Nawa masu dattin kuwa ga jijiyoyi ja, ga ɗan abu yana motsi.

Kafin in gama fitar da ruɓaɓɓun suka fara fashewa, tas! tas! Wari ya cika ɗakin har mai gona ya shigo da hula a hanci. Kawu ya biyo shi, ya leƙa, ya jawo tirena.

“Ga annobar nan! Ƙazantar Dokta ce ta harbi sauran.”

“Ranka ya daɗe, waɗannan ne masu rai. Ga tocila, ka duba da idonka.”

Mai gona ya dubi farar rigar surukinsa, ya dubi tawa da ta ɓaci da ruɓaɓɓen ƙwai. Bai karɓi tocilar ba.

Ina tsaye Kawu ya kai tiren bakin ramin shara ya kife. Wani ƙwan ya fashe a kan dutse, na ga ɗan baki da ƙafa suna motsi. Har yanzu in na rufe ido sai na gan shi.

Ranar aka sallame ni. Na ji an ce yanzu ɗakin ƙyanƙyasar a hannun Kawu yake, har ya sa an sayo masa babban baho.