Baba Nababa Mai Jiƙa Buhu

Kafin a tayar da injin gyaran riɗi a sitonmu na Dawanau, Baba Nababa ya riga ya jiƙa tsofaffin buhunan algarara, ya matse, ya rataya su a bakin injin, inda ƙura ke fita. Sannan ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya yi shara a hankali. Shekara goma sha tara yana haka, sunansa dai mai shara.

Ƙurar nan abin tsoro ce. Rana tsaka ba ka ganin mai miƙo maka buhu, in ka yi kaki baƙi ne. Mu 'yan dako mun ɗauka nono ke wanke ƙirji, in an tashi kowa sai ya sha. Baba ya ce, "Ku dai kwaɗayi ne. Nono ciki yake tafiya, ƙura huhu. A ina suka haɗu?"

A shekarar da tsada ta hana kowa ƙin aiki, sabon manaja ya hana ruwa shiga sito, wai danshi zai ɓata riɗi. Kwana tara injin na aman ƙura. Ran na goma yayana Khalilu ya faɗi da buhu a ka, baki buɗe, numfashinsa na kuka kamar usur. Na riƙe shi, na rasa addu'ar da zan fara.

Baba ya kashe injin da hannunsa. Ya ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, bari in rataya buhunana yau. Da yamma ka ciji riɗin. In ka ji danshi, kore ni."

Da yamma manaja ya ciza, ya ji ƙaras. Bai sake hana ruwa ba.

Jiya Baba ya ajiye tsintsiya. Ƙirjinsa ya ƙi, daga sito zuwa masallaci sai ya tsaya sau uku.

Baba, kai ne ka shaƙi rabonmu na ƙura, katangar da ba a yi wa kirari. Ina tsoron Litinin, ranar da za a tayar da injin ba ka nan. Masu sito, ku bar ruwa ya shiga. 'Yan'uwa, jiƙa buhu ba ya rage girman kowa.

Rahmatu matar Khalilu ta ce in yi maka godiya, Allah ya saka. Shekaranjiya ta haihu. Khalilu ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne, numfashinsa ya kai shi har ƙarshe.